Ina rigunan da duniya ke zubarwa suke ƙarewa?

Masu kallo, ku juya wuyan rigar da ke jikinku, ku karanta ɗan ƙyallen da aka ɗinke a ciki. Da wuya ba ku ga auduga ko foliyesta ba, ko kuma an cakuɗa su biyun. Kowannensu da irin ɓarnar da yake bari a baya.

Auduga akwai shan ruwa. Ƙiyasin da aka fi ambata ya ce riga ɗaya mai gajeren hannu tana cin kusan lita 2,700 daga gona zuwa kanti. Ku dubi Tekun Aral, tsakanin Uzbekistan da Kazakistan. A da shi ne tafki na huɗu mafi girma a duniya. Daga shekarun 1960 Tarayyar Sobiyet ta karkatar da kogunan da ke ciyar da shi zuwa gonakin auduga. Yau ga jiragen kamun kifi nan a garin Moynaq, zaune a kan rairayi, tsatsa tana cin su, ruwa ya yi musu nisa da fiye da kilomita 100.

Foliyesta kuwa daga ɗanyen mai ake yin sa, danginsu ɗaya da leda, kuma fiye da rabin zaren da duniya ke samarwa yanzu shi ne. Duk wankin da aka yi masa sai ya zubar da ƙananan zarurruka da ido ba ya gani, su bi ruwan wanki har teku, kifi ya haɗiye.

Duk da haka, abin da ya fi yadin muni shi ne yawan da ake ɗinkawa. Rahoton Gidauniyar Ellen MacArthur na 2017 ya nuna cewa daga 2000 zuwa 2015 tufafin da ake samarwa sun ninka, alhali yawan sanyawar da ake yi wa riga kafin a yar da ita ya ragu da kashi 36 cikin 100. Yayi yana juyawa kowane mako, kaya suna ta araha. Arahar nan kuwa akwai masu biyan kuɗinta. Ranar 24 ga Afrilun 2013 ginin Rana Plaza, mai ɗauke da masana'antun ɗinki, ya rufta a Bangaladesh, mutane 1,134 suka mutu, yawancinsu mata masu ɗinki. Kwana ɗaya kafin nan an ga bango ya tsage, amma aka ce su koma kan keke. Bayan haka ne kamfanoni sama da 200 suka sa hannu kan yarjejeniyar duba lafiyar gine-ginen masana'antu, wadda doka za ta iya kama wanda ya saɓa mata. Wannan kam gyara ne na gaske, sai dai an yi shi ne bayan an binne mutane.

To, in an gama da rigar fa? Wanda ya jefa ta a akwatin sadaka a Landan yana jin ya yi abin kirki. Da yawa daga cikin kayan nan ɗaure su ake yi dila-dila a sayar. Kasuwar Kantamanto da ke Akara, babban birnin Gana, tana karɓar tufafin gwanjo kusan guda miliyan 15 a mako. Ɗan kasuwa yana sayen dila ido rufe, sai ya yanke igiya zai san abin da ya saya. Teloli suna nan suna faci, suna rage faɗi, suna mayar da riguna biyu ɗaya, amma duk da ƙoƙarinsu kusan kashi 40 cikin 100 bola yake tafiya, ya toshe magudanan ruwa, ya taru a bakin teku. A hamadar Atakama ta ƙasar Chile kuwa, tsibin tufafin da aka jibge har daga tauraron ɗan'adam ana hango shi.

Kamfanoni sukan ce ai yanzu suna sake sarrafa kaya. A nan sai a yi hattara. Ƙasa da kashi 1 cikin 100 na tsofaffin tufafi ne ke komawa sabbin tufafi. Dalili kuwa a fili yake: yadin da aka cakuɗa auduga da foliyesta yana da wuyar rabawa, ga zif, ga maɓalli, ga rini. Rigar da aka rubuta mata an yi ta da kayan da aka sake sarrafawa, galibi robar ruwan sha ce aka narka. Robar da za ta iya sake zama roba sau da yawa, in ta zama riga, daga nan sai juji.

Abin da ya fi yin tasiri ba shi da ɗaukar ido. Ɗinki mai ƙarko, yadi iri ɗaya da za a iya warwarewa, tace ruwan rini kafin a sake shi kogi, da gyara. Ƙungiyar WRAP ta Birtaniya, mai fafutukar rage shara, ta lissafa cewa ƙara wa riga wata 9 kacal a jiki yana rage hayaƙi da ruwa da sharar da ke tattare da ita da kashi 20 zuwa 30 cikin 100. Faransa ta ɗauki wannan da gaske: tun Nuwamban 2023, in ka kai riga ko takalmi gyara wurin mai gyaran da aka yi wa rajista, ana rage maka Yuro 6 zuwa 25, kuma daga kuɗin da kamfanonin tufafi ke biya ake cirewa.

Sai batun ƙona kayan da ba a sayar ba. A 2018 aka ji cewa Burberry, kamfanin tufafi masu tsada na Birtaniya, ya lalata kaya na Fam miliyan 28.6 a shekara guda, don kada su faɗi daraja. Da surutu ya yi yawa, kamfanin ya daina. Faransa ta haramta yin haka tun 2022, dokar Tarayyar Turai kuma ta sa wa manyan kamfanoni wa'adin Yulin 2026, matsakaita kuma 2030. Ƙanana an ɗauke musu. Dokar dai ba ta ce komai a kan adadin da kamfani zai ɗinka ba, kuma har yanzu yawancin manyan kamfanoni ba sa faɗin riguna nawa suke fitarwa a shekara.