Sakin layi uku, amsa kalma biyu

Bashir: Assalamu alaikum masu sauraro. Tun Asabar saƙonni ke shigowa kan maganar yadda ake rubuta imel ɗin kasuwanci da Turanci, har a majalisarmu ta yamma sai da aka ɗaga murya a kanta.

Hadiza: Wa alaikumus salam. Yaya Bashir, karanta musu na ɗan Kantin Kwarin nan mana.

Bashir: To. Bawan Allah yana son odar leshi daga Guangzhou. Ya zauna ya tsara sakin layi uku: ya gaida mai sayar da leshin, ya tambayi iyalinsa, ya ce "I humbly beg", ya kawo tarihin shagonsu tun zamanin mahaifinsa. Amsa ta dawo, kalma biyu rak: "How many?"

Nura: Ai kuwa dole ya ji zafi.

Bashir: Ya ɗauka raini ne. Ni kuwa na ce ba raini a ciki. Shi ma ɗan China Turancin aro yake yi kamar mu, kuma ba kai kaɗai ne ka rubuto masa ranar ba. Yana neman abu huɗu ne: wane kaya, guda nawa, wane farashi, yaushe. In bai gan su a layin farko ba, ka ɗora masa aikin tono. Laifin kuma ba na ɗan Kwarin ba ne. Abin da aka koya mana don WAEC ke nan: adireshi a sama, kwanan wata, take da manyan baƙaƙe, sai ka yi ta kewaye-kewaye har ka cika adadin kalmomin da aka ce. Mun ci jarrabawa, amma ba wanda ya zaunar da mu ya ce ga yadda ake tambayar farashi.

Hadiza: Amma Yaya, ni fa ba zan iya faɗa wa mutum buƙatata ba gaisuwa ba. Ba haka aka rene mu ba.

Bashir: Wa ya ce ki bar gaisuwa, ƙanwata? Layi ɗaya ya isa.

Nura: Layi ɗaya? Bahaushe? Ina kwana, ina gajiya, ya gida, ya yara, ya kasuwa...

Hadiza: Ya sanyi, ya muka ji da zafi, ya mai jiki!

Nura: Ya bayan rabuwa! Ku kun ma ji daɗi. Ɗan'uwana a Maraɗi Faransanci ya yi a makaranta, su rufe wasiƙarsu kaɗai jimla ce guda mai tsawo, "Veuillez agréer, Monsieur" har ƙarshenta. Da ya fara rubuta wa mutanen Dubai sai ya juya ta Turanci kalma bayan kalma.

Hadiza: Gaisuwar Hausa a sama, ta Faransa a ƙasa.

Nura: Odar tana tsakiya kamar nama a tuwon biki.

Hadiza: Sai an tona!

Bashir: To ku dawo, ku dawo. Akwai wanda ya fi gaisuwa haɗari, kuma shi ne ke cin kuɗin mutane: kwanan wata. Ka rubuta 05/06, kai kana nufin 5 ga Yuni. Ba'amurke zai karanta 6 ga Mayu, domin su wata suke farawa da shi. Ɗan China kuwa shekara yake sa wa a gaba, sai wata, sai rana. Wata guda cur na iya ɓacewa tsakaninku, kaya su iso bayan Sallah, ka zauna kana kallonsu a shago. Don Allah ku rubuta sunan watan da baƙaƙe. Haka ma kuɗi: ka faɗi dala ce, yuwan ne ko naira. Sannan taken imel, kada ka sa "Greetings". Sa sunan kayan da adadinsu, don ko bayan wata uku ya lalubo shi ya gane.

Hadiza: Ni abin da nake yi, sai in fara rubutawa da Hausa a takarda: me nake so mutumin nan ya yi mini? In ya fito a jimla ɗaya, sannan in mayar da shi Turanci.

Nura: Mun ce za mu taɓo "Yours faithfully" da "Yours sincerely" na rufe wasiƙa fa.

Bashir: A gurguje: in ka buɗe da "Dear Sir", na farkon, in ka kira sunansa, na biyun. Kai, an kira Magariba. Maganar takardar farashi sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Nura, kashe abin nan.