Shin ƙwayoyin halitta na asali za su iya farfaɗo da jijiyar gani?

Masu kallo, assalamu alaikum. Wanda ya taɓa raka dattijo asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba a nan Legas zai iya jin likita yana bambance larura biyu. Yanar ido ana cire ta gani ya dawo, amma hawan jinin ido, wato gilakoma, abin da ya ɗauke ya tafi ke nan. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa gilakoma ce ta biyu wajen makantar da manya a Nijeriya. An kuma san cewa ta fi yi wa baƙar fata saurin kamu.

Dalilin yana cikin jijiyar gani, wadda ta ƙunshi zaruruwa sama da miliyan 1 masu kai saƙo daga bayan ido zuwa ƙwaƙwalwa. Waɗannan zaruruwa ne gilakoma take kashewa, kuma zaren da ya mutu, jikin ɗan Adam ba ya saƙa wani a madadinsa.

A 2006 Shinya Yamanaka na Japan ya mayar da ƙwayoyin jikin ɓera zuwa ƙwayoyin asali, masu iya rikiɗa su zama kusan kowace irin ƙwaya, aikin da ya ba shi lambar Nobel a 2012. A 2014 kuma Masayo Takahashi da abokan aikinta a Kobe suka dasa wa wata dattijuwa tantanin da aka raino ta wannan hanya a bayan idonta. Sai dai a lura, tantanin da ke ciyar da ƙwayoyin gani aka dasa, ba jijiya ba.

Jijiya ta fi wuya nesa ba kusa ba, domin dole sabuwar ƙwaya ta rayu, ta miƙa zarenta tsawon kusan santimita 5 kafin ma ya shiga ƙwaƙwalwa, sannan ya nemo gurbin da ya dace da shi. Har yanzu wannan aiki yana ɗakin gwaji, akasari a kan dabbobi.

Wannan ne ya sa tallan allurar ƙwayoyin asali da ke yawo a WhatsApp yake tayar mini da hankali. A 2017 an ba da rahoton mata 3 a Filorida ta Amurka da ganinsu ya lalace ƙwarai bayan wani asibitin kuɗi ya yi musu irin wannan allura a ido biyu. Abin da likitan ido yake da shi a hannu yau shi ne auna ƙarfin ruwan ido, da maganin ɗigawa, da leza, da tiyata, kuma dukkansu tsare ragowar zaruruwan suke yi, musamman ga wanda ya haura shekara 40 ya zo awo tun ganinsa bai fara raguwa ba.