Gam a Jijiya Don Raunin Mazakuta: Me Ake Toshewa?

Assalamu alaikum jama'a. Kwanan nan tambaya ɗaya ce ta cika mana akwatin saƙo: wai da gaske ne likita na zuba gam a jijiya ya tsayar da yoyon jini, namiji ya dawo da ƙarfinsa ba tare da babbar tiyata ba? Da gaske ne, ana yi. Sai dai akasarin masu tambaya sun ɗauka jijiya ce ta huje ake yi mata faci. Ba haka abin yake ba, kuma a nan za mu daɗe.

[Zanen cikin azzakari]

Ku dubi waɗannan sanduna biyu da ke kwance gefe da gefe. Nama ne mai ramuka kamar soso, an naɗe shi da wata fata mai tauri wadda ba ta cika buɗewa ba. Idan sha'awa ta motsa, tsokar cikin soson sai ta saki, jini ya kwararo, soson ya kumbura.

To ku lura da waɗannan ƙananan layuka masu launin shuɗi. Su ne jijiyoyin da ke mayar da jini cikin jiki, kuma sun bi ta tsakanin soson da fatar nan mai tauri. Da soson ya cika, sai ya danne su a jikin fatar, kamar yadda mutum ke taka tiyo da ƙafa ruwa ya tsaya. Jini ya shigo, hanyar fita ta rufe, gaba ta tsaya da ƙarfi.

Bari mu sake kunna zanen a hankali. Wannan karon soson bai cika sosai ba. Ga jijiyoyin nan a buɗe. Babu huji a jikinsu, babu inda suka yage, danne su ne kawai ba a yi ba. Jini yana shiga yana ficewa. Abin da ake kira yoyo ke nan. Shi ya sa mai wannan lalura yakan ce gaba tana tashi amma ba ta jimawa, ko ta kwanta da zarar ya sauya kwanciya.

Me ke hana soson yin aikinsa? Ciwon suga na kan gaba. Sai shan taba, tsufa, buguwa a wurin, ƙarancin sinadarin maza, da cutar Peyronie wadda ke sa tabo a fatar har gaba ta lanƙwashe. A wajenmu da wuya ka ji an ambaci waɗannan, komai sai a ce basir ne ko sanyi. Wallahi abin yana damuna, don mutum zai shekara yana shan jiƙo alhali sugansa ne ke cin jijiyoyinsa ba a auna ba.

[Ɗakin hoto]

Kafin a yi zancen gam, sai an tabbatar da yoyon. Likita zai yi allurar wani magani, galibi alprostadil, a gefen azzakari don ya tashi, sannan ya ɗora na'urar hoto ta Doppler, wadda ke auna gudun jini a cikin jijiya. Lambobi biyu yake nema. Jinin da ke shiga ya kai gudun santimita 30 a daƙiƙa, alamar hanyar shiga lafiya lau. Sannan tsakanin bugun zuciya da bugu gudun ya sauka kusan sifili. Idan ya tsaya sama da santimita 5, ana zargin yoyo.

Amma fa tsoro kaɗai yana iya ba da wannan sakamako. Mutum yana kwance gaban baƙo, an soka masa allura a wurin da ya fi jin kunya, jikinsa ya ɗaure. Tsokar soson ba za ta saki ba, na'ura kuma ta nuna yoyo ga wanda jijiyoyinsa ƙalau suke. Matasa ne suka fi faɗawa wannan. Likitan ƙwarai yakan ƙara maganin ko ya maimaita gwajin, daga baya ya yi hoton siti sikan da ruwan rini don ya ga ainihin jijiyoyin da jinin ke bi. Idan kana farkawa da asuba da cikakken ƙarfi wanda ke jimawa, faɗa wa likita, domin wannan bayani yana da nauyi.

[Hoton aikin]

Shi aikin kansa gajere ne. Likitan da ke aiki ta cikin jijiya da taimakon hoto ne ke yin sa. A kashe zafin wurin, a shiga babbar jijiyar da ke bin bayan azzakari, wasu kuma ta matsematsi suke shiga. A zura siririn bututu, a zuba rini, ga hanyoyin sun fito a allo, nan kusa da mafitsara. Gam ɗin na asibiti ne, ana gauraya shi da wani mai da ake kira Lipiodol don a riƙa ganinsa a hoto. Za a ce ka riƙe numfashi ka yi yunƙuri lokacin zubawa, saboda kada ya zarce inda ba a so. Yawanci ranar ake sallamar mutum.

Kun ga abin da aka yi? Hanyoyin fita aka rage. Soson yana nan yadda yake. Saboda haka wanda soson nasa bai lalace sosai ba, kuma jini na shiga masa da kyau, shi ya fi ganin amfani. Wasu ma da ƙwayar ƙarfin maza ta sildenafil ta daina yi musu aiki sai ta dawo tana yi. Saboda haka ne kuma matsalar kan iya dawowa, don jiki yana buɗe sababbin hanyoyi a gefen waɗanda aka toshe. Tsohuwar tiyatar ɗaure jijiyoyin da zare abin da ya kayar da ita ke nan, har ƙungiyar likitocin mafitsara ta Amurka ta ce a ƙa'idojinta na 2018 ba ta ba da shawarar yin ta. A aikin gam ɗin akwai ciwo da kumburi na 'yan kwanaki, kuma jefi-jefi ɗigon gam kan tsere zuwa huhu.

Ni a ganina, wanda aka tabbatar masa da yoyo kuma ƙwaya ta gaza, ya cancanci a zauna da shi a yi masa bayanin wannan aiki tare da sauran hanyoyi: famfo mai zobe da ke riƙe jini, wanda ba a barin sa ya wuce minti 30, allurar da mutum ke yi wa kansa, ko dashen roba a cikin azzakari. Ɗan'uwa, in ka je wurin likita, tambaye shi sau nawa aka yi gwajin, ko gaba ta tashi sosai lokacin da aka auna, da kuma mutum nawa ya yi wa aikin da hannunsa. Idan kuma kana shan maganin ciwon ƙirji mai sinadarin naitiret, kada ka kusanci sildenafil ko maganin ƙarfin maza na tasha, domin wasunsu da ita ake haɗa su a ɓoye, kuma haɗuwarta da naitiret na iya faɗar da jini warwas.