Me ya sa wannan hoton ya yi hazo da gangan?

Ku tsaya ku hasko wani hoto a zuciyarku da kyau. Matakala ce cike maƙil da mutane, amma babu fuska ko ɗaya da za ku iya ganewa. Kowa ya narke, taron ya koma kamar hayaƙi yana malala. Da wayarku ce ta ɗauko irin wannan, nan take za ku goge, ku ce hannu ne ya yi rawa. To, shi wannan da gangan aka yi shi.

Mai hoton sunansa Alexey Titarenko, ɗan Rasha, an haife shi a Leningrad a 1962. Wurin kuwa bakin tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ce ta Vasileostrovskaya, a 1992, shekara guda bayan birnin ya koma tsohon sunansa na St. Petersburg.

Ga yadda abin yake. A cikin kyamara akwai wata 'yar ƙofa da ke buɗewa haske ya shiga ya taɓa fim. A hoton yau da kullum, kafin ku ƙifta ido ta buɗe ta rufe. Shi kuwa sai ya kafe kyamararsa a kan ƙafafu uku don kada ta motsa, ya bar ƙofar a buɗe tsawon sakanni da dama. Duk abin da ke tsaye cak, bango da matakala da ƙarfen dafawa, ya fito fes. Duk mai tafiya kuwa sawunsa kawai ya rage.

Yanzu ku kai ido kan ƙarfen nan na gefen matakala. Kun ga hannaye? Jiki ya ɓace, fuska ta ɓace, amma hannu yana ɗan dakatawa a inda ya dafa kafin ya saki, sai fim ɗin ya kama shi. Ni dai a nan hoton yake kama ni. Ba ka san ko wane ne ba, tsoho ne ko budurwa, ka dai san yana neman abin riƙewa.

Kuma lokacin na neman abin riƙewa ne. A Disambar 1991 Tarayyar Sobiyet ta wargaje. Da shigowar Janairun 1992 gwamnati ta sakar wa farashi mara, a shekarar nan tsadar kaya ta haura kashi 2,000 cikin ɗari. Kuɗin da mutum ya kwashe shekaru yana tarawa ya koma takarda. Da Titarenko ya ɗauki fuskar mutum ɗaya tar, da labarin mutum ɗaya ya ba mu. Da ya bar su suka cakuɗe, sai ya nuna yadda gari guda ya wayi gari bai san inda ya dosa ba. Jerin hotunan, baƙi da fari, ya kira su Birnin Inuwoyi.

Abin dariyar shi ne, wannan dabara a da matsala ce. A 1838 Louis Daguerre, Bafaranshe, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro ɗaukar hoto, ya ɗauki titin Boulevard du Temple a Paris daga tagar sama. A zamanin, sai an bar kyamara a buɗe mintuna kafin hoto ya kama. Titi ne mai hada-hada, da karusai da masu tafiya a ƙasa, amma a hoton ya fito wayam kamar an yi shara. Mutum ɗaya ne ya fito sosai, can ƙasa ta hagu, ƙafarsa ɗaya a ɗage, don ya tsaya ana goge masa takalmi. Shi ake yawan ambata a matsayin mutum na farko da ya bayyana a hoto, kuma har yau babu wanda ya san sunansa.