Daga Daɗin Kowa zuwa tukunya: lacca kan sayen abincin da aka noma a gida

An gabatar da wannan lacca a wani taron mata da matasa a garin Gombe. An rubuto ta daga muryar da aka naɗa, an ɗan rage maimaici.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu mata, malamai, 'yan'uwa matasa, barkanmu da warhaka. An ce kada in ja lokaci, saboda haka zan fara da kuɗi, tunda su kowa ya fi ji a jikinsa.

Duk abincin da ya taso daga nesa, dala da man mota ne ke riƙe da farashinsa. A watan Mayun 2023 aka cire tallafin fetur, a watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, kuma kun ga abin da ya biyo baya. Shinkafar Tailan ko Indiya da dala ake sayo ta, ta hau jirgin ruwa, ta sauka a Kwatano, ta bi hannun 'yan fasa-ƙwauri, kowa ya ɗora nasa kafin ta iso shagon unguwarku. Alkamar da ake yin fulawa ma mafi yawanta daga waje take zuwa. Shi ya sa da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren a 2022, sai da mai shayin Jekadafari ya ƙara kuɗin burodi, alhali babu ruwansa da rigimar. Ban ce gero da masara ba su tashi ba. Sun tashi, don taki ma akwai hannun dala a ciki. Amma akwai bambanci tsakanin abin da zai ratso teku da abin da zai taso daga Kumo ko Dukku a bayan a-kori-kura.

Yanzu ku biyo ni mu bi mudun shinkafa ɗaya. Madatsar ruwan Daɗin Kowa, wadda aka gina a kan kogin Gongola, tana ba mutanen Yamaltu Deba damar noman rani. Manomi ya biya masu dashe, ya biya yaran da ke korar tsuntsu, ya biya masu yanka da masu bugu. Shansherar ta koma hannun mata masu turarawa, waɗanda za ka gani tun asuba a bakin manyan tukwane, ido ya yi ja saboda hayaƙi, daga baya su baza ta a rana suna juyawa da ƙafa. Daga nan sai mai inji, sai ɗan dako, sai direba, sai mai awo a kasuwar Tudun Hatsi. Hajiya, kuɗin da kika miƙa wa mai awon nan duk waɗannan mutane ya ratsa. A cikinsu akwai wanda zai dawo ya sayi ƙosanki, akwai wadda za ta kawo miki ɗinki. In kuwa 'yar waje kika saya, ribar mai shago kawai ta tsaya a Gombe, sauran ya tafi ba dawowa.

Kuma amfanin gonarmu ba ya zuwa shi kaɗai. Wake ya zo da harawar da za a yi kiwon ragon layya. Gyaɗa ta ba da mai, ta ba da ƙuli-ƙuli. Ɗorawa ta ba da kalwa, kalwa ta zama daddawa, wadda muka fara jin kunyar sakawa a miya saboda dunƙulen kanti. Zogale da rama da yakuwa kuwa, wanda aka tsinko da safe aka dafa da rana, ba sai likita ya gaya muku amfaninsa ba.

Tumatir ne ya fi ba ni takaici. Lokacin da ya yi yawa, kwanduna ke ruɓewa a bakin hanya, manomi yana roƙon a saya ko nawa ne. Kamfanin sarrafa tumatir da aka taɓa yi a Daɗin Kowa ya daɗe da tsayawa. Mu kuma a daidai wannan lokaci muna sayen na leda da na gwangwani, wanda da yawansa da markaɗen da aka shigo da shi daga Sin ake haɗa shi. Me zai hana ki sayi kwando lokacin araha, ki yanka, ki shanya a kan tabarma mai tsabta, ki ajiye kauɗarki har damina? Iyayenmu sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ga abin da nake so ku riƙe. A watan Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da janye harajin shigo da masara, shinkafa, alkama da wake na kwana 150. Daga baya farashi ya sauko, masu saye suka samu sa'ida, kuma ba na raina wannan, don an sha wuya. Sai dai ku tambayi manomin da ya sayi taki da tsada, ya zo kaka ya sayar da masara a kan faɗuwa. Wanda ya faɗi bana, baɗi zai rage gona, ko ya bar ta ya shigo gari neman acaɓa. Sannan shekara ta zagayo, hatsi ya yi ƙaranci, mu dawo muna kuka da tsada. Mai saye yana da hannu a shawarar da manomi zai yanke kafin ruwan farko ya sauka.

Manoma da 'yan kasuwa, na ga wasunku a baya can, ku ma da naku laifin. Mace ba za ta yi ta tsince tsakuwa a faranti don kishin ƙasa kawai ba. Akwai injin cire tsakuwa yanzu, ku kai shinkafarku. Mudun da aka buga wa gindi ya shige ciki, ku ji tsoron Allah. Sai babbar magana: zuba fiya-fiya a cikin wake don maganin ƙwari. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda irin wannan guba, mu kuwa muna ci muna ba 'ya'yanmu. Ga buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda in aka ɗaure shi da kyau ƙwaron zai mutu don rashin iska, ba tare da ɗigon magani ba. A nan ma sayen na kusa ya fi, domin wanda ka san gidansa za ka iya tambayarsa da me ya adana wakensa, gobe kuma ka koma masa in ka ga ba daidai ba.

Wata baiwar Allah ta rubuto a takarda cewa ba kowa ke da kuɗin buhu ba. Gaskiya ne, Hajiya. Amma kuna adashi. Ku sa kwasar ta faɗo a kan kaka, wajen Nuwamba zuwa Disamba, mutum huɗu ko biyar ku haɗa ku sayi buhun gero ko wake a kasuwar ƙauye, ku raba da mudu a gida. Ku tabbata ya bushe sosai kafin ku ɗaure, musamman masara da gyaɗa, don in suka yi fumfuna suna cutar da hanta, kuma kada buhu ya zauna a kan siminti sai an sa katako a ƙasa.

Shugaban taro yana nuna mini agogo. Masu tambaya, bismillah, a fara daga ɓangaren mata.