Darasin Zane: Yadda Ake Fitar da Hamma da Fentin Mai

To jama'a, barkanmu da warhaka. Yau hamma za mu zana. Hoton da na kafa a gefe na Mihai Munkaci ne, ɗan ƙasar Hangari, wanda ya yi wajen 1869 yana Dusaldof ta Jamus: ɗan koyon sana'a ya taso daga shimfiɗa, yana miƙa, baki wangame. Abin dariya, amma mai zanen ya san wannan gajiyar. An haife shi a 1844, iyayensa suka rasu yana ƙarami, aka kai shi koyon kafinta kafin ya taɓa riƙe buroshi.

Na riga na shafe allon da fenti mai launin ruwan ƙasa, shafar da sauran launuka za su hau kai. Mu je bakin, nan ake yawan faɗuwa. Mai koyo yakan zana rami baƙi wuluk a tsakiyar fuska, sai yaron ya koma mai ihu. A hamma haɓa ce ke sauka, leɓen sama kusan bai motsa ba, kumatu su miƙe, idanu su matse har su zama layi biyu, hanci ya ɗan tattare. Idon ne ke raba hamma da ihu. Ku bar shi a buɗe, kun zana wanda kunama ta harba.

Cikin bakin, ja mai duhu kashi biyu, ruwan ƙasa kashi ɗaya, shuɗi ɗan kaɗan... a'a, tsaya, ya yi yawa, bari in rage. Yauwa. Haƙora kuma kada ku ƙirga su ɗaya-ɗaya, shafa guda ta fari mai ɗan rawaya ta isa. Ni na fi son buroshi mai faɗin baki a nan, siriri yana sa mutum tsince-tsince.

Farar rigar ku bar ta ƙarshe, ku ɗora ta da kauri, ita ke ɗaga yaron daga duhun ɗakin.

Duhun nan kuwa, ku saurara. Munkaci ya riƙa yin shafar farko ta allo da haɗi mai kwalta, don tana ba da duhu mai sheƙi nan take. Matsalar, kwalta ba ta bushewa sosai. Tana ci gaba da motsi a ƙarƙashi, fentin sama ya tsattsage, launuka su dushe. Shi ya sa hotunansa da dama suka yi duhu fiye da yadda ya bar su. Ya samu lambar zinariya a baje kolin Paris a 1870, ya yi suna, ya rasu a 1900 kusa da Bon ta Jamus, kwaltar kuwa har yau masu gyaran hotuna na fama da ita.

Ku dai ku tsaya kan ruwan ƙasa. Shafar farko a tsinka ta da tafentin, wato ruwan da ake tsinka fentin mai da shi, ta biyu a ƙara man linsid, wato man da ake dama fentin da shi, kowace shafa ta fi ta ƙarƙashinta mai. In kuka juya tsarin, sama zai riga ƙasa bushewa ya dare. Ku ba shi kwana biyu ko uku, ku taɓa da bayan yatsa, in bai kama ba sai mu koma kan hannun da ke miƙa.