Furannin Chelsea a talabijin: me mai lambu ya samu?

Ummi: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Ni ce Ummi, ga Yaya Bashir a gefena kamar kullum, yau kuma mun yi sa'a Kawu Sale ya sauko mana daga Birmingham. Kawu, sannu da hanya.

Kawu Sale: Yawwa 'yata, sannunku da gida. Na bar tumatir ɗina a hannun maƙwabci na taho, ku san girman da na ba ku.

Bashir: Mun gode Kawu, Allah ya ƙara lafiya. Maganar yau a kan bikin baje kolin furanni na Chelsea ne, wanda ake yi kowane watan Mayu a nan Landan. Mako guda BBC tana nuna shi rana da dare. Ni na kalla a talabijin, Ummi ta je da ƙafarta, Kawu kuwa an ce mini kashe talabijin ɗin ya yi.

Kawu Sale: Ba ƙarya aka faɗa maka ba. Ran Laraba na kashe.

Ummi: Kafin mu kai ga Laraba, bari in yi wa na gida bayani, don da an ce Chelsea wasu ƙwallo za su tuna. Unguwa ce a Landan. A cikinta akwai wani tsohon gida na tsofaffin sojoji, Royal Hospital, masu sanye da jajayen riguna, a filinsu ake bikin tun 1913. Ƙungiyar masu lambu ta Birtaniya, RHS, ce ke shirya shi, ita kuwa tun 1804 aka kafa ta. Kwana 5 ake yi, Talata zuwa Asabar. Litinin ta 'yan jarida ce da gidan sarauta da taurarin fina-finai. Mutanen da ke shiga duk shekara sukan kai wajen 150,000.

Kawu Sale: To Litinin ɗin nan ita ce farkon matsalata. Na dawo daga ɗan filin da nake haya ina noma, hannuna duk laka, na zauna in ga shuka, sai aka tare wata 'yar wasan kwaikwayo ana tambayarta wane fure ta fi so. Ta ce duk suna da kyau. Aka wuce wajen wani mawaƙi, shi ma ya ce duk suna da kyau. A bayansu kuwa ga wani tsoho a durƙushe yana gyara ganyen shukarsa da ɗan almakashi, mutumin da wataƙila ya shekara 40 yana renon iri ɗaya, ba wanda ya ce masa ci kanka.

Bashir: Amma Kawu, mai shirya shirin ba kai kaɗai yake wa aiki ba. Shirin dare miliyoyi ke kallo, kuma mafi yawansu ba su taɓa riƙe shebur ba. In ka buɗe da bayanin taki, minti 2 sun canza tasha. Fuskar da suka sani ita ke zaunar da su, in sun zauna sai a nuna musu shuka.

Kawu Sale: Da ana nuna musun da na yi shiru. Kai da ka san aikin kyamara, faɗa mini, me ya sa ba sa tsayawa a kan shuka? A hasko fure, kafin in karanta sunan da aka rubuta a ƙasa an ɗauke. Ni kuwa abu 3 nake nema: sunansa, irin ƙasar da yake so, da ko zai jure sanyin hunturu. Ina zaune da biro da takarda, a ƙarshe rabin suna nake samu.

Bashir: Wannan kam na yarda da kai. Saurin yankan hoto ya yi yawa. Amma akwai abin da talabijin ke ba ka wanda ko mai tikiti bai samu ba. Ummi, ke kin shiga lambunan?

Ummi: Ina! Ai igiya ake ja. Manyan lambunan nan da ake gasa da su daga bakin igiya ake kallonsu, ga mutane layi uku huɗu a gabanka. Ni da nake gajeriya, sai da na ɗaga waya sama na ɗauki hoto sannan na ga abin da ke ciki. Da na dawo gida na kunna talabijin, sai ga mai gabatarwa yana zaune a kan benci a can ƙuryar lambun, ga wata 'yar ƙorama tana gudana a ƙarƙashin ƙafarsa. Wallahi ban san akwai ruwa a lambun ba, alhali na tsaya a gabansa minti 10.

Bashir: Ka ji ko, Kawu?

Kawu Sale: Na ji. Amma ki faɗa wa mutane yadda ake haɗa lambun.

Ummi: Wajen mako 3 ake ɗauka. Fili ne na ciyawa kawai, sai a shigo da motocin haƙa da manyan duwatsu da bishiyoyin da suka riga suka girma, a ɗaga su da ƙugiya a dasa. Kuɗin babban lambu ɗaya kan kai ɗaruruwan dubban fam. Bayan Asabar a kwashe komai, a mayar da filin yadda yake.

Kawu Sale: Yawwa. Furannin kuma? Nan ne abin ke ci mini rai, don ba kasafai ake tsayawa a yi wa mai kallo bayani ba. Ana so kowane fure ya buɗe a makon nan ɗaya. Wanda ya yi sauri sai a kai shi ɗakin sanyi a riƙe shi, wanda ya makara a kai shi ɗakin gilashi mai ɗumi, har da fitilu, a tura shi. Don haka za ki ga dafodil, wanda lokacinsa Maris da Afrilu ne, ya buɗe a ƙarshen Mayu, kusa da furen da a filina sai Yuli zai nuna kansa. A lambu kuma a jera tukwane dab da dab, a rufe bakinsu da ƙasa, sai ki rantse nan suka tsiro. Ba na cewa ha'inci ne, gwaninta ce babba, kuma kowa a harkar ya san haka ake yi. Sai dai wanda ke zaune a falonsa bai sani ba.

Bashir: To in bai sani ba, me ya rage shi da shi? Ya ga abu mai kyau ya ji daɗi.

Kawu Sale: Ɗana, ni ne wanda bai sani ba ɗin, shekarun baya. Na ga wani haɗi a talabijin, shuɗi da fari da ruwan hoda, ya tafi da hankalina. Ran Asabar na je wani shagon shuke-shuke na kwaso su duka, na dasa su kusa da kusa yadda na gani. Filina ƙasar laka ce, in an yi ruwa kwana yake yana kwance. Kafin shekara ta zagayo rabi sun ruɓe daga saiwa, sauran manyan suka danne ƙananan, dodon koɗi ya ƙarasa abin da ya rage a dare 2. Ni da na tashi a gidan noma na iya cewa laifin ƙasa ne da tazara. Wanda karon farkonsa ke nan cewa zai yi hannunsa ne ba shi da albarka, ya ajiye shebur har abada. Shi nake ji wa.

Ummi: Amma Kawu, ni ce shaidar ɗaya ɓangaren. Ka san ni da ƙasa ba ma ga maciji. A 2020, lokacin kullen korona, ba a yi bikin a fili ba, ta intanet aka yi. Na 2021 kuma aka ɗage shi zuwa Satumba, kuma a shekarar ne suka shigo da rukunin lambunan baranda da na tukwane. Ina kallo na ga baranda daidai girman tawa, an cika ta da ganye. Washegari na sayi tukwane 4. Yau ina da na'a-na'a, da attaruhu, da alayyafon da ka ba ni irinsa. Da ba don talabijin ba, da har yanzu keken Yaya Bashir ne a wurin.

Kawu Sale: Alhamdu lillahi, kuma alayyafon ya yi kyau, na gani. Amma wa ya koya miki ranar da za ki fitar da attaruhun waje?

Ummi: Kai ne. Ka ce in jira ƙarshen Mayu, sanyin dare mai ƙona ganye ya wuce.

Kawu Sale: To kin gani. Sha'awa suka ba ki, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Ni so nake su ɗora da ilimin, tunda suna da shi. Ai BBC ɗin ce dai ke yin shirin lambu na Gardeners' World duk Juma'a, tun 1968. Lokacin da na zo ƙasar nan Geoff Hamilton ke gabatar da shi daga lambunsa na Barnsdale, har ya rasu a 1996. Mutumin nan da tsofaffin katakai da leda yake haɗa abin rufe shuka, ya gaya maka nawa ya kashe. A wurinsa na koyi yadda ake tara ganye da ɓawon kayan miya su zama taki. Yanzu Monty Don ke yi daga lambunsa na Longmeadow, kuma abin da ya sa nake girmama shi, in shuka ta mutu masa yana nunawa. Ya tono ta a gaban kyamara ya ce ga abin da ya faru. A ƙarshen shiri ya ba ka aikin da za ka yi Asabar da Lahadi. Shi ɗin ne dai ke zuwa Chelsea, amma a can an sa masa kwat, an ajiye shi a kan kujera yana hira.

Bashir: Ai ko a can ɗin yakan faɗi ra'ayinsa. Ka tuna 2022? Lambun da ya lashe babbar kyauta na Lulu Urquhart da Adam Hunt ne, sun kwaikwayi dajin da aka bari ya koma yadda yake, har da madatsar itace irin wadda dabbar nan biba ke yi a rafi. Monty Don ya fito ya yi tambaya ko wannan ma lambu ne. Aka yi ta muhawara a jaridu. Ni a ganina wannan amfani ne, don ya sa mutane sun tsaya suna tunanin mene ne lambu.

Kawu Sale: Mun yi wannan gardamar a filinmu har shayi ya huce. Maƙwabcina ɗan Jamaika ya ce in haka ne shi ma filin da ya yi wata 3 bai nome ba ya cancanci lambar zinariya. Wata tsohuwa Baturiya kuma ta ce tun da ta bar ciyawa a gefe ɗaya ƙudan zuma suka dawo mata, wakenta ya fi 'ya'ya. Ka ga irin waɗannan mutanen nake so in gani a allo. Fili irin namu, cikakkensa wajen murabba'in mita 250 ne, ana biyan haya a shekara, a wasu unguwanni mutum ya yi shekaru yana jiran layi. A nan masu lambun ƙasar nan suke.

Ummi: A bikin ma suna nan, Kawu. Babbar rumfar da ke tsakiya, ita ce ta fi burge ni. Ba igiyar da ta raba ka da mai shuka. Na tsaya wajen wata mata mai sayar da iri, na ce mata barandata arewa take kallo, rana ba ta zuwa sai da yamma kaɗan. Ta ajiye abin da take yi, ta tambaye ni hawa na nawa nake, iska na kaɗawa ko ba ta kaɗawa, sannan ta rubuta mini sunaye 3 a bayan katinta, ta ce kada in sayi na huɗun da nake kallo, zai mutu. Mai sayarwa ce fa take hana ni saye. Farcenta duk baƙi ne da ƙasa. Can gaba kuma ga rumfar Afirka ta Kudu da furannin furotiya, manya kamar faranti.

Kawu Sale: Ita wannan matar a ba ta minti 10 cur. Kada a katse ta, kada a sa kiɗa a ƙarƙashin muryarta. A bi ta gonarta tun Janairu, a nuna mana tiren da ya lalace da wanda ya yi.

Bashir: Gaskiya suna ɗan yin hakan, Kawu. Akwai gajerun fina-finan da ake ɗauka a gonakin masu renon shuka kafin biki, kuma Carol Klein in ta shiga rumfar nan ba ta wasa, ita ma ai mai reno ce, ta sha baje kolinta a Chelsea kafin ta koma gabatarwa. Shirin rana ma ya fi na dare bayanin shuka.

Kawu Sale: Da rana ina fili. Wa ke zama gaban talabijin da rana a ƙarshen Mayu, lokacin dashe? Amma Carol Klein kam na sara mata. In ta kama ganye za ka san hannun ya saba.

Ummi: Wani gyaran da aka yi kuma, a 2022 aka fara wani shiri mai suna Project Giving Back da ya riƙa biyan kuɗin lambunan ƙungiyoyin agaji, da sharaɗin bayan biki a kwashe lambun a kai shi inda zai zauna, asibiti ko makaranta ko unguwa. Lambun karnuka da Monty Don ya tsara a 2025 ma gidan kula da karnuka na Battersea aka kai shi.

Kawu Sale: To ga shirin da zan kalla daga farko har ƙarshe. A koma wa lambunan nan bayan shekara 2, a watan Fabrairu, ana yayyafi. A nuna mini wace shuka ta rayu, wacce aka cire, wa ke ban ruwa, wa ke cire ciyawa. In sun yi wannan, ni da kaina zan tara mutanen filinmu mu kalla tare.

Bashir: Sai mu rubuta musu. Ummi, ki ba mu labarin ƙararrawar nan kafin lokaci ya ƙure.

Ummi: Ran Asabar da ƙarfe 4 na yamma ake kaɗa ta, sai a fara sayar da shuke-shuken da aka baje. Ka ga dattawa sun fito rungume da furanni sun fi su tsawo, suna ta kokawar shiga jirgin ƙasa a tashar Sloane Square. Ni ma na samo wardi guda, Kawu, yana nan a baranda, amma ganyensa ya fara rawaya.

Kawu Sale: Tukunyar da kika saya shi a ciki ce har yanzu?

Ummi: Ita ce.

Kawu Sale: Ta yi masa kaɗan, kuma na san kina cika masa ruwa. Kashe na'urar nan ki ɗauko mini jarida mu shimfiɗa, Bashir kai kuma sauko mini da babbar tukunyar can. Masu sauraro, sai wani makon in Allah ya kai mu.